Tarihin Rayuwar Akira Kurosawa, Kashi na 5: Shekarun Ƙunci

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a 1965, shekarar da Kurosawa, daraktan fim ɗan ƙasar Japan, ya fitar da Akahige, fim na 16 kuma na ƙarshe da ya yi da jaruminsa Toshiro Mifune. Daga nan ne al'amura suka fara dagule masa.

A lokacin talabijin ta riga ta mamaye gidajen Japan. A 1958 gidajen silima sun sayar da tikiti sama da biliyan 1, amma zuwa 1970 ko rubu'in hakan ba sa samu. Kamfanoni suka tsuke bakin aljihu, shi kuwa aikinsa ba ya son gaggawa: Akahige kaɗai ya lashe kusan shekara 2.

Sai ya waiwayi Amurka. Kamfanin 20th Century Fox ya ɗauke shi ya ba da umarni a ɓangaren Japan na Tora! Tora! Tora!, fim kan harin da Japan ta kai wa sansanin sojin ruwan Amurka na Pearl Harbor. A Disamba 1968 aka fara ɗauka a Kyoto. Maimakon ƙwararrun 'yan wasa, sai ya kwaso manyan 'yan kasuwa ya sa musu kakin hafsoshin ruwa, don a ganinsa wanda ya saba ba da umarni shi ya san tsayuwar shugaba. Rigima ta ɓarke tsakaninsa da ma'aikata, cikin kusan mako 3 aka sallame shi. Kamfanin ya ce gajiya ce, gari kuwa ya ɗauka cewa ya taɓu. Wannan magana ta yi masa illa fiye da korar, domin wa zai damƙa dukiyarsa ga wanda ake wa irin wannan zato?

Don ya wanke kansa, ya haɗa gwiwa da daraktoci uku, Kinoshita da Kobayashi da Ichikawa, suka kafa kamfani. Cikin kwana 28 kacal ya ɗauki Dodesukaden, fim ɗinsa na farko mai kala, kan talakawan wata unguwar bola. A ciki akwai wani yaro da kullum yake tuƙa jirgin ƙasan da babu shi, yana kwaikwayon ƙararsa da baki. Ni dai har yau yaron nan yana sosa mini rai. Amma a 1970 'yan kallo suka juya wa fim ɗin baya, kamfanin ya watse.

Ranar 22 ga Disamba 1971, yana da shekara 61, Kurosawa ya yi yunƙurin kashe kansa a gidansa. Masu bin mu za su tuna ta wannan hanya ya rasa yayansa Heigo a 1933. Allah ya sa da sauran kwana a gaba, aka ceto shi.

Abin takaici, ko bayan haka kamfanonin ƙasarsa ba su neme shi ba. Kiran ya zo ne daga kamfanin fim na Mosfilm na Tarayyar Sobiyet, suka ce ya zo ya yi musu fim. Yadda dattijon nan ya ƙare da dazukan Siberiya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.