Wa zai bar matarsa?

Jiya a teburin mai shayi a Tudun Wada aka ɗauko zancen wata 'yar unguwarmu da ke neman kansila. Wani dattijo ya ce, "Yo wa zai bar matarsa taron siyasa har sha ɗayan dare?" Aka kwashe da dariya. Ba wanda ya tambayi me ta taɓa yi wa unguwa.

Abin ya tsaya min a rai. Ranar zaɓe matan nan ne ke cika layi tun sassafe, da goyo a baya. Gambo Sawaba ta sha ɗauri zamanin jam'iyyar NEPU a kan 'yancin mata. Dokta Hadiza Balarabe ta zama mataimakiyar gwamnan Kaduna a 2019, amma har yau in mace ta manna fosta, tambayar farko ita ce ko mijinta ya yarda.