Muryar da ke bayan hoto: abin da aikin ya koya mana

Kuskuren da ya fi kashe aikin muryar rakiya, wato bayanin da baƙo ke saurara a kunne yana kallo, a baje kolin hotuna shi ne a ɗauki murya kafin a gama kafa hotuna a bango. Abin ya faru a wani baje kolin tsoffin hotunan Yamai, kuma har yau masu aikin ba su huce ba. Marubuci ya bi tsarin da ke takarda, ya sa jagora cikin bayani: "Ka juya hannun dama, hoto na gaba na amarya ne." An ɗauka da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, an gyara, an miƙa. Saura kwana biyu a buɗe, shugaban baje kolin ya zagayo, ya ce hasken taga na dukan wani bango, a sauya wa hotuna shida wuri. Bai yi laifi a kan hasken ba, rana na cin hoto. Laifinsa shi ne bai gaya wa masu murya ba.

Ranar buɗewa sai ga wata Hajiya tsaye gaban hoton gadar Kennedy, murya a kunnenta tana yaba lallen amarya. Ta cire abin sauraron, ta duba shi, ta ce wa mai gadi: "Ɗana, wannan abin naku ya ruɗe." Da aka zauna bitar aiki, mai haɗa sauti aka ɗora wa laifi. Wanda ya sa aka cire ƙusa bai ce uffan ba.

Gyaran ma ba sauƙi. Jimla ɗaya da aka sake ɗauka ba ta zama daidai cikin tsohuwar murya, don ɗakin ya sauya, tazarar baki da makirfo ta sauya, mai karatun ma hunturu ya shaƙe masa maƙogwaro. Kunne na kama ɗinkin nan take. Don haka lamba ta bi hoto, kada ta bi bango: hoto mai lamba 14 ya tafi da lambarsa duk inda aka kai shi. Kowane hoto da fayil ɗinsa. Maganar "juya dama, wuce gaba" a ɗauke ta daban, a ƙarshe, bayan shugaba ya sa hannu a takardar tsarin bango. A kuma tsayar tun farko wace dama ake nufi, ta mai kallo ko ta mutumin da ke cikin hoton, don su biyun kishiyoyi ne.

A ɗakin ɗauka, baki ya yi nisan kamar taƙi ɗaya da makirfo, a manna alama a ƙasa inda kujera take. A kashe fanka da firij, in injin wuta na ruri a jira. A ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30 kafin a tashi, da shi ake cike gurbi wajen gyara. Asalin murya a ajiye shi WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a wuri biyu. Abin da za a ba jama'a MP3 ne, wato fayil da aka matse ya ƙanƙance: a ma'aunin matsi na 64 kbps minti ɗaya bai kai rabin mega ba, wanda ya zo da ɗan kuɗin intanet a salularsa zai iya saukewa ba tare da ya yi tsaki ba. Kowane bayani kada ya wuce minti ɗaya da rabi, mutum a tsaye yake, ga zafi.

Tsoffin da ake kirawo su gane fuskoki su ne gishirin aikin, amma shekaru na rikice musu. Hoton kansa shaida ne. In gadar Kennedy ta bayyana an gama gina ta, hoton bai riga 1970 ba. In tsohuwar Babbar Kasuwa ce, to kafin gobarar 1982 ne. Baba ya ce wata shekara da ta saɓa, ba a ƙaryata shi gaban makirfo, sai a ce: "Baba, a lokacin an gina gada?" Shi da kansa zai gyara. A kuma nemi yardarsa cikin faifan, da ta dangin duk wanda ya ambata, musamman hotunan gidajen rawa irin na zamanin da mai ɗaukar hoto Philippe Koudjina ke ɗaukar daren Yamai. 'Yan matan wancan lokaci yau kakanni ne.

Kada a fassara rubutun Faransanci jimla da jimla, Hausar takan fito doguwa kuma a sandare. A ba mai Hausa hoton ya rubuta nasa. A gwada sauraro cikin zauren da mutane, ba ofis ba. A tambayi mai gadi inda baƙi ke tsayawa, ya fi kowa sani. Kuɗin sake ɗauka a rubuta shi cikin yarjejeniya, da sunan wanda zai biya in shi ya sauya tsari.

Allon godiya na bakin ƙofa kuwa, a nemi ganinsa kafin a kai wa mai bugawa. A wancan baje kolin sunan shugaba ya fito sau biyu. Masu karatu uku, da mai haɗa sauti, da tsohuwar da ta gane mutum tara a hoto guda, an dunƙule su cikin kalma biyu: "da sauransu".