Manja Ba Ya Tsoron Bilic

Ranar Asabar na leƙa gidan ƙanena a Aboabo, na tarar da 'yarsa a tsakar gida ta ɗora tukunya a kan kurfoti, ruwa na tafarfasa. Na ɗauka tuwo za ta tuƙa. Ashe riga za ta dafa. Yarinyar tana koyon girki a wata makarantar sana'a a nan Kumasi, an ba su farar riga mai jerin maɓallai biyu, manja ya fantsama mata a ƙirji. A gefenta ga galan ɗin bilic, ruwan nan da ake sa wa kaya su yi fari, ga lemun tsami an yanyanka a faranti, ga waya an jingine da bokiti tana ta surutu ita kaɗai.

Na ce, "Ke, me za ki yi da waɗannan?"

Ta ce, "Gwaggo, a TikTok na gani. A zuba bilic a ruwan zafi, a matse lemun tsami, minti goma tabon ya tafi."

Ban san sa'ad da na fizge farantin ba. Ta turo baki kamar na hana ta gado. Uwarta na ɗaki tana jin mu, ko tari ba ta yi ba. Na dawo gida raina a ɓace, kuma ba yarinyar ce ta ɓata mini shi ba. Kaina na gani a tsugune gaban wannan tukunyar.

A shekarun 1990 na samu aiki a kicin ɗin wani otal wajen Adum. Ranar da na fara aka miƙo mini fararen riguna biyu, aka ce nawa ne amma ba nawa ba ne: in suka lalace za a cire kuɗinsu a albashi. Shugaban kicin ɗin kowace safiya sai ya jera mu ya bi mu da kallo tun daga hula har takalmi. Wanda aka ga tabo a jikinsa, ranar can baya za a tura shi wankin tukwane. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. 'Yar zango ce ta shiga otal, in na sauko daga tiroto da yamma har wani taku nake yi.

Ba a daɗe ba manja ya same ni. Ana soya albasa za a yi red-red, waken nan da ake dafawa da manja, wani ya jefa tumatir cikin mai mai zafi, ya fallatso mini daga wuya har ciki. Da na koma gida na shimfiɗa rigar a baho na tsiyaya mata bilic tsurarsa, ko ɗigon ruwa ban sirka ba. Ina tsaye jan ya dusashe. Na yi murna, na ce ashe abin ba wuya. Na ɗauraye sama-sama, na rataye ta a ɗaki, da asuba na hura gawayi a dutsen guga na bi ta kai na danne da kyau.

Launin ne ya tafi, man yana nan. Wannan shi ne abin da ban gane ba, kuma shi ne dukan zancen. Manja abu biyu ne a haɗe: akwai maiƙon, akwai jan launin da ke cikinsa, irin sinadarin da ke sa karas ja. Bilic launi yake ci, ba ya narkar da mai. Ni kuma na zo na ɗora wuta a kai, na gasa man cikin zaren. Bayan kwana kaɗan wurin ya zama wata inuwa mai duhu, ƙura da hayaƙi suna manne mata. Me zan yi? Na ƙara bilic. Wannan karon na jiƙa ta ta kwana. Da safe rigar gaba ɗaya ta koma ruwan ɗorawa, ta ɗauki wani wari, yadin ya yi laushi irin na tsumma. Ban daddara ba, na zuba bula don in rufe rawayar, ta fito wani kore-kore. Ranar da na miƙa hannu zan sauko da tukunya daga kanta, na ji ƙyat, ƙirjin rigar ya dare.

To amma a yi mini adalci. Wa ya koya mini? Mahaifiyata koko da ƙosai take sayarwa, atamfa take ɗaurawa, atamfa kuwa tana rufa wa mai asiri. Fari a gidanmu na Juma'a ne da Sallah, na maza ne, kuma wurin mai wanki da guga ake kai shi. Sannan ina fita duhu-duhu in dawo bayan isha'i, yaushe zan ga ranar da zan shanya riga? Ga ruwanmu na rijiya ne, mai barin ja-ja a gindin bokiti. Sai daga baya na san cewa ruwan da ke da ƙarfe a cikinsa in ya haɗu da bilic tsatsa yake fitarwa, ta zauna a jikin farin kaya. Rabin rawayar nan ba laifina ba ne, laifin rijiya ne.

Ƙarya nake yi, ko in ce rabin gaskiya na faɗa. An koya mini. Akwai wani dattijo da ke wanke zannuwan gado da na tebur a otal ɗin, Baba muke ce masa. Ya ga rigata tun tana inuwa ya ce, "'Yata, sabulu za ki fara sa mata, ki bar ta ta sha rana. Ruwan nan da kike zubawa cin kaya yake yi." Na ce to Baba, na juya ina murguɗa baki. A raina na ce tsohon da ke fama da sandar Key soap da baho, me ya sani game da kayan zamani? Shi da fararen zannuwansa suke kashe ido in an baza su a bayan otal.

Abin da ya fi damuna ma ba rigar ba ce. Da ta yage, saura ɗaya gare ni, ita ma ta fara rawaya. Wata rana a ɗakin da muke canja kaya na ga rigar wata abokiyar aikina a rataye, girmanmu ɗaya, tata fara tas. Na sauke tata na rataya tawa. An cire mata kuɗi a albashi, tana rantsuwa ba tata ba ce, ina tsaye ina yanka albasa ina share hawaye, kowa ya ɗauka albasar ce. Na sha gaya wa kaina cewa kuɗin ba wani yawa gare su ba, tsohon sidi ne, kuɗinmu na Gana, wanda da aka canja kuɗi a 2007 sai ka tara 10,000 kafin a ba ka sabo guda. Na kan ce ai ita mijinta direba ne, ni kuwa ni nake ciyar da gida. Duk haka ne. Amma ta bar aikin ban nemi gafararta ba, kuma ban san inda take ba yanzu. Allah Ya yafe mana.

Zancen lemun tsami kuwa, shi ma na taɓa shi. Wata maƙwabciya ta ce mini yana ƙara wa bilic ƙarfi. Na shiga banɗaki na ja ƙofa, na haɗa su a bokiti. Wani abu ya bugi hancina, idona ya kama ruwa, ƙirjina ya riƙe, da rarrafe na fito ina tari. Bilic in ya haɗu da abu mai tsami, ko lemun tsami ne, ko binega, ko ruwan wanke masai, iskar kulorin yake saki, guba ce mai ƙona huhu. Ruwan zafi kuma ƙara tayar da tururin yake yi. Wannan ne abin da aka nuna wa 'yar ƙanena a waya, har da kiɗa a ƙarƙashi.

Na zauna da niyyar in rubuto muku shawara goma a jere, yadda ake yi. Da na lissafa sai na ga ba su kai ba, kuma ko sun kai ba za ku karanta ba, yatsa ya riga ya saba da turawa sama.

Kada ku haɗa bilic da komai sai ruwan sanyi. Ba da lemu ba, ba da wani ruwan goge-goge ba, ko wa ya faɗa. Nan babu gardama.

Sai kuma mai. A cire maiƙo kafin a yi zancen launi. Da zarar manja ko man shito, soyayyen yajin nan, ya zubo, a sa cokali a kwashe abin da ya taru, kada a murza da tsumma, murzawa tura shi ciki take yi tana faɗaɗa shi. In akwai garin sitaci ko hoda ko alli a kusa, a barbaɗa ya tsotse, a kakkaɓe. Sannan a ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanoni a kan tabon tun rigar tana bushe, a cuɗa da yatsa, a ba shi kamar minti 15. Aikinsa ke nan tun asali, raba mai da kwano, kuma yana raba shi da zare. In babu, sabulun sanda ko sabulun salo ya isa, Baba da shi ya yi suna. A ɗauraye ta bayan yadin don ruwa ya koro man waje. Za a ga sauran ja-ja ko launin ruwan lemu ya rage. A bar shi. A shimfiɗa rigar da danshinta a tsakiyar rana. Launin manja da na tumatir da na garin kori na miya ba sa jure hasken rana, da kansu suke gudu. Kori ma in sabulu ya taɓa shi sai ya rikiɗe ya yi ja, kada a firgita a ruga neman galan, rana ce maganinsa. Mu da Allah Ya ba rana kyauta, mu ne muke shanya a ɗaki saboda kada maƙwabta su ga tabo.

Kada a sa ruwan zafi. Jinin nama, ƙwai, madara, nonon fura, duk zafi dafa su yake yi su kama zare, kamar yadda ƙwai ke daskarewa a kasko. Ku tambayi mahauta masu fararen riguna a Mayanka. Ruwan sanyi tukuna, a jiƙa da Omo, in jini ya ƙi a nemi ruwan haidurojin na wanke ciwo a kemis, mai kashi 3 cikin 100, a ɗiga a ga yana kumfa. Na ce kada a sa ruwan zafi, amma manja yana son ruwa mai ɗumi sosai, don a sanyi daskarewa yake yi. To in miyar ta haɗa nama da manja fa, kamar yadda kowace miya ta haɗa? A fara da sanyi, a gama da ɗumi. In kun rikice ku tsaya a sanyi, ɓarnarsa ta fi sauƙi.

Ruwan waakye shi ne wanda har yau nake shakka. Karan dafin da ake jefawa a tukunya don shinkafa da wake su yi ja, da shi ake rina fata ja a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Wato rini ne ya zubo maka, ga kanwa a ciki. Wannan ba a ce masa sai an tashi aiki. A tafi famfo nan take.

Dutsen guga kuwa, kada ya hau tabo. In riga ta bushe an ga saura, a mayar da ita baho. Na san za ku ce gobe da sassafe ake bukatarta. Shi ya sa ake riga biyu. Kuna da kuɗin data, kuna da kuɗin gashin kanti da farce, amma riga ta biyu ta gagara, alhali ga tela a kowane lungu daga Asawase har Alabar, ga farin yadi a Kejetia.

Bilic fa, a daina? Da na so in ce ku fitar da shi daga gida gaba ɗaya. Amma galan ɗina yana nan a bayan ƙofa, ba zan yi muku munafunci ba. In yadin auduga ne zalla, an riga an cire man, rana ta yi nata ta gaza, to a sirka kaɗan cikin ruwan sanyi mai yawa yadda aka rubuta a jikin galan, a tsoma na 'yan mintoci, a ɗauraye har warin ya fita. Ba a kwana da shi. Kuma a duba 'yar takardar da ke ɗinke a wuyan riga ko a gefenta. Akwai zane mai kusurwa uku: in fili ne ba komai a cikinsa, an yarda, in an ja layi biyu a ciki, sai garin bilic maras kulorin, in an soke shi da gicciye, a bar shi. Yawancin rigunan aiki na yanzu an gauraya su da polista, ita kuwa riƙon mai gare ta fiye da auduga, saboda haka sabulun farko ya fi komai muhimmanci a kanta. In kuma tabon tsatsa ne, daga waya ko ƙusa ko ruwan rijiya, bilic ƙara masa duhu yake yi. A nan ne lemun tsami yake da aiki, shi da gishiri, a shafa a sa a rana, galan yana can nesa a rufe.

Har yanzu ina ganin kamar na manta wani abu da Baba ya faɗa game da tabon goro da shayi. Abin da na riƙe dai shi ne a ɗauraye su da ruwa tun da danshinsu, a wanke da Omo, kada a fara goga musu sabulun sanda. Sauran maganar lokacin da yake yi ina can ina gyara hula a jikin murfin tukunya.