Ranar da na saukar da wahayi a Panama

A watan Afrilu na 2016 ne, ban fi wata uku da fara aiki a sashen labarai na wani gidan rediyo ba. Saura minti ashirin a shiga labaran ƙarfe huɗu aka miƙo mini rahoton Turanci kan takardun Panama, takardun nan miliyan 11.5 da suka sulale daga kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca, suka nuna inda manya ke kai dukiya su ɓoye. Har firaministan Iceland sai da abin ya ci kujerarsa.

A layin farko akwai kalmar "revelations". Ni kuwa a darasin addini na sakandare na san ta, inda ake nufin saukar da Alƙur'ani. Ko ƙamus ban buɗe ba, na rubuta "sabon wahayin da aka samu ya nuna cewa...". Edita ya fita alwala, mai karanta labarai kuma ta karanta yadda ta gani.

Kafin a kai labarin wasanni waya ta fara ruri. Wani dattijo ya ce a tambaye mu wane annabi aka aiko Panama, shi dai a saninsa an rufe ƙofar wahayi tun daga kan Manzon Allah (SAW).

"Kai yaro, zo nan. Mala'ika Jibrilu ne ya kawo maka takardun?" in ji edita.

"A'a, ranka ya daɗe."

"To fallasa ce. Tonon asiri ne. Bankaɗa aka yi."

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk kalmomin nan uku suna bakina, kullum da su nake hira. Gaggawa da ji da kai suka kai ni. Da daddare na zauna na bi kalmar: asalinta Latin ne, ma'anarta yaye lulluɓi. Bature ya haɗa abin da Allah ya bayyana wa annabi da abin da ɗan jarida ya tono a kalma guda, Bahaushe kuwa ya raba su. Wahayi na annabawa ne, ko ilhama ma ba ta kai shi ba, balle asirin ɓarawon gwamnati. Akwai ma ma'ana ta uku da ta kusa sake kayar da ni daga baya: in aka ce ɗan ƙwallo "revelation" ne, ana nufin ya ba da mamaki, ba a zaci zai taka haka ba.

Wata abokiyar aikina Kirista ta ce kada in tsorata da kalmar gaba ɗaya, littafin ƙarshe na Littafi Mai Tsarki ma sunansa ke nan da Turanci, da Hausa kuma ana ce masa Wahayin Yahaya ko Ru'ya ta Yohanna. A can wahayin ya zauna daidai.

Na bar gidan rediyon tuni. Amma har yau in tsofaffin abokan aiki suka kira ni, gaisuwar ita ce, "Mai wahayi, yau me aka saukar?"