Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗan Jan Waya

A makon jiya na tsaya a inda na sauka Agege da jaka ɗaya da adireshin ɗan gidan Gwaggo. Wasu sun ce in ba da labarin zaman Agege da yadda aka yi na yi aure. Za a zo wurin. Abin da ya tokare mini maƙoshi a wannan makon daban ne. An yi suna a gidan Yaya, sai Injiniya, ɗan Kawu, ya kama hannuna ya kai ni gaban surukansa, ya ce, "Ga ɗan jan wayarmu na Legas." Aka yi dariya, ni ma na taya su, da furfurata a gemu.

To, waya kam na ja ta. Na fara jan ta tun a Kano, zamanin da kowace unguwa take da shagon intanet da faranti a kan rufi. Mu sayo kwalin wayar intanet ta Cat5e a Beirut Road, mita 305 a kwali, mu bi cikin silin da ɓeraye. Ko yau aka tashe ni daga barci zan jera launukan siraran wayoyin nan takwas na cikinta yadda suke shiga kan waya: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Kuma na san iyakarta mita 100, in ka wuce haka kai da sa'arka. Amma kafin duk wannan na yi shekaru a kan bencin Kawu ina hura masa garwashin dalma. Kawu bai taɓa ganin kwamfuta a buɗe ba har Allah ya karɓi abinsa, sai dai duk wanda ya zauna a shagon ya ji maganar nan tasa har ta gundure shi: "Kafin ka kwance rediyo, duba batir." Injiniya ɗansa ne na cikinsa, amma bai zauna a bencin ba. Shi makaranta aka kai shi, mu aka bar mu da hayaƙin dalma.

Na shiga Legas a daidai lokacin da harkar take juyawa. A da wayar cikin teku guda ce, SAT-3, tana hannun NITEL. A 2010 MainOne da Glo-1 suka iso, WACS ta biyo baya a 2012, sai manyan cibiyoyin ajiyar bayanai suka fara tashi, Rack Centre a Ikeja a 2013, MDXi a Lekki a 2015. Bankuna suka fara kwashe na'urorinsu daga ɗakunan da suke rufewa a ƙarƙashin bene suna kai su irin waɗannan wurare. Ni ina ƙarƙashin wani ɗan kwangila ne, shi ke samo aiki, mu mu shiga mu yi. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan faɗi a wane gini abin da zan ba da labari ya faru ba.

Wanda bai taɓa shiga ba, ga yadda wurin yake. Layi-layi ne na dogayen akwatunan ƙarfe da muke kira rak, faɗin cikinsu inci 19, yawancinsu gurbi 42 daga ƙasa zuwa sama. Sabobi, wato manyan kwamfutocin ajiyar bayanai da muke kira saba, na jere a ciki, a can sama kuma suwic, galibi mai baki 48, shi ke tattara su ya miƙa su ga manyan suwic na tsakiya. Kowace na'ura tana da wurin shigar wuta biyu, kowanne a kan layinsa, don in ɗaya ya ɗauke ɗayan ya riƙe. Wani layin sanyi kamar ya tsinke maka yatsa, ka zagaya bayan rak ɗin kuma zafi ya buge ka, domin ta gaba na'urorin ke shaƙar iska su fitar ta baya. Ƙarar fanka ba ta tsayawa dare da rana, sai ka kai baki kunnen mutum kafin ya ji ka.

Baƙo in ya shigo, manyan akwatunan yake kallo. Ni abin da nake kallo bai wuce ɗan yatsa ba, shi ne mojul, ɗan ƙarfen da ake turawa cikin bakin suwic ya mai da lantarki haske, hasken ya bi faiba, wato wayar zaren gilashi. Suwic ɗin miliyoyi ba ya magana da kowa sai ta wannan ɗan abu. Na fara da mojul ɗin SFP mai saurin gigabit 1, aka koma SFP+ mai 10, sai QSFP+ mai 40, sai QSFP28 mai 100, yanzu yara suna maganar 400 ko a jikinsu. A kowane mataki kuma akwai na kusa da na nesa. Wanda aka rubuta wa SR na cikin gida ne, yana tafiya da faiba mai launin ruwan bula, a gigabit 10 ya kai mita 300 a kan faiba nau'in OM3, mita 400 a kan nau'in OM4. LR kuwa da rawayar faiba yake aiki, ya kai kilomita 10. Akwai ER mai kilomita 40, wanda in ka haɗa biyu a ɗaki ɗaya ba ka sa musu abin rage haske ba, ƙarfinsa na iya ƙona idon ɗan'uwansa. Na ga mai digiri biyu ya yi haka.

Bambancin rawaya da ruwan bula ba ado ba ne. Hanyar hasken da ke tsakiyar rawayar maikiron 9 ce, ta ɗayar 50, alhali a milimita ɗaya akwai maikiron 1,000. Ƙwayar ƙura guda ta zauna a bakin rawayar, kamar an kifa faifai a bakin tulu ne. Shi ya sa ba na yarda yaro ya cire ɗan murfin robar da ke bakin waya ya ajiye ta a ƙasa, ba na yarda ya shafa bakin da yatsa, ko ya goge a rigarsa, ko ya hura da baki. Kuma ba a leƙa faiba da ido don a ga ko akwai wuta. Hasken LR ido ba ya ganinsa, amma shi yana iya yi wa ido illa.

Ga abin da ya faru. Wani abokin cinikinmu yana da rak a zaure biyu na gini ɗaya, an haɗa su da LR ta cikin allon faci, wato allon da bakunan wayoyi ke haɗuwa. Lokacin hunturu ne, an kuma yi wani gyaran silin a kusa. Sai layin ya fara wasa, ya tashi ya faɗi, ya tashi ya faɗi, kurakurai suna taruwa a bakin suwic ɗin. Aka tara manya. Ogan da ke kanmu, wanda satifiket ɗinsa sun cika bango, ya zauna da kwamfutarsa da shuɗiyar wayar kwansol, wadda ake shiga saitin suwic da ita, ya sake saiti, ya sabunta manhaja, ya canza mojul, ya ce matsalar daga katin suwic ɗin ne, a yi odar sabo daga Dubai. Ina tsaye a bayansa riƙe da tsani. Na hango lambar hasken da mojul ɗin ke karɓa a allonsa, ta yi ƙasa da 14 a ƙarƙashin sifiri, wato ta zarce inda LR ke iya ji sosai. A tazarar da ba ta kai mita 200 ba. Ina hasken ya tafi?

Na ce, "Yallaɓai, da za a ba ni dama in duba bakin wayar a allon faci kafin a tura kuɗin nan."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Malam, kai aikinka waya. Bar mana injin."

Ai kuwa waya nake magana a kai. Na yi shiru har aka tashi cin abinci, na roƙi mai gadin zauren, wani dattijo ɗan Ilorin da muke sallah tare, ya buɗe mini. Na zare wayar, na sa ɗan madubin duba baki, sai ga maiƙon yatsa ya yi zobe a kan gilashin, ga ƙura ta manne a tsakiya. Na ɗauko biron gogewa, wanda ake dannawa ya ce ƙas, na goge wannan gefe, na goge na cikin allon, na sake dubawa, na mayar. Hasken ya dawo daidai, kurakuran suka tsaya cak. Wallahi a wannan lokaci muryar Kawu na ji, har da yadda yake jan "batiiir" ɗin nan in yana son ya ba ka haushi.

Da rahoto ya fito, an rubuta cewa tawagar injiniyoyi ta gano matsalar bayan dogon bincike. Ogan ya samu ƙarin girma kafin ƙaramar sallah. Ni aka ja mini kunne don na taɓa layi mai aiki ba da takardar izini ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Katin Dubai ɗin ma sai da aka sayo shi, wai don ajiya.

Wannan mutumin dai shi ne yake rubuta mojul biyu da faiba a inda saba da suwic suke rak ɗaya, tazarar mita biyu. Alhali akwai DAC, wayar tagulla mai zuwa da kawunanta a manne, ba ruwanta da ƙura, ba ta cin wuta, kuɗinta bai kama ƙafar na mojul ba, kuma a gigabit 10 tana kai mita 5 lafiya lau. Amma abu mai araha ba shi da la'ada. Haka nan rigimar mojul na asali da na kasuwa. Manyan kamfanoni suna sa suwic ɗinsu ya karanta lambar da ke cikin mojul, in ba tasu ba ce ya ƙi shi. 'Yan kasuwa kuma suna rubuta wa nasu lambar da za ta shiga. Na sa irin waɗannan da yawa sun yi shekaru ba su yi tari ba, na kuma ga na bogi daga Computer Village da ya mutu da ya ji zafi. Ra'ayina, a sayi na kasuwa daga hannun wanda za a iya komawa wurinsa, a ajiye na asali guda biyu a durowa saboda ranar da za a kira masu suwic ɗin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayo na kasuwa a rubuta kuɗin na asali a takarda. Ya san na sani. Ina jin shi ya sa bai taɓa sona ba.

Af, na tuna da wani suwic da ya yi ta kukan zafi a ɗakin da mutum ke karkarwa. Wannan bayan na bar wancan ɗan kwangilar ne. Suwic na saman rak bakunansa baya suke kallo, wajen da wayoyin saba suke, don haka dole fankarsa ta jawo iska daga gaba ta fitar ta wajen bakunan. Wanda ya yi odar ya sayo mai fanka ta akasi, yana ta shaƙar zafin da sabobi ke fitarwa. Har an fara zancen ƙara na'urar sanyaya ɗaki. Na kara takarda a jikinsa, ta nuna inda iskar ke bi. Fanka da akwatin wuta kawai aka canza. Batir ne dai, Kawu. Haka kan waya kore da shuɗi: koren an goge bakinsa a karkace da digiri 8, shuɗin a miƙe, in ka cusa su cikin juna za su shiga, amma haske ya zube, wani lokaci gilashin ya karce. Yanzu ga kan waya na MPO mai sili 12 a baki ɗaya, sili ɗaya cikin masu aiki ya yi datti layin gigabit 100 ya kwanta. Yaran da nake koya wa ba na barin su taɓa kwansol sai sun iya goge baki da lanƙwasa waya ba tare da sun karya ta ba. Wasu suna gudu, su ce ba wannan suka zo koya ba.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin azumi, wayoyin teku huɗu suka katse a gaɓar Kodibuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Manhajojin banki suka tsaya, masu POS suka naɗe hannu. Mu a zaure muka sha ruwa, a zaure muka yi sahur, ana ta jan sabbin faci ana karkatar da layuka zuwa Equiano da Glo-1 da ba su katse ba. Duk manyan da ke ba da umarni ta waya, a ƙarshe sai an sami mai hannu ya hau tsani ya nemo baki na 37 a allo na huɗu, ya goge, ya tura. Cikin wannan hali wayata ta yi ƙara. Injiniya ne. Ya ce, "Ɗan'uwa, kai da kake cikin abin, yaushe za a gyara? Kuɗina sun maƙale." Ranar ni ne ɗan'uwa. Na yi masa bayani da ladabi, don yayana ne ko ba komai, na ce sai jirgin gyara ya zo ya ciro wayar daga ƙasan teku, abin zai ɗauki makonni. Ya yi godiya har sau biyu.

Inna takan ce in bar wannan magana, wai zumunci ya fi. Na bari, ai ba a gaban surukansa na amsa masa ba. Amma akwai abin da ban bari ba. Da Kawu ya rasu ina Legas, ban sami jana'iza ba, kafin in iso sadakar bakwai an sayar da shagon da duk abin da ke ciki ga wani mai gyaran wayar salula. Har da mitarsa ta auna wuta mai allura, wadda ya ce da bakinsa, a gaban Gwaggo, tawa ce. Yadda na bi sawun mitar nan daga Sabon Gari har Farm Centre, da abin da Gwaggo ta faɗa wa Injiniya a tsakar gida, shi ne na mako mai zuwa in Allah ya kai mu.