Asabar a fili: gajerar ƙwallo mai bin ƙasa

Hazo ya rufe gari tun asuba, sanyi kuma har cikin ƙashi. Da na isa filin wasan tenis na tarar yara suna share ƙura da tsintsiya, amma ƙurar hunturu a Kano ba ta sharuwa, kafin a gama wannan gefe ta sake kwanciya a wancan. A irin wannan yanayi ƙwallo ba ta tashi yadda ya kamata. Sanyi yana rage mata iska, gashinta ya cika da ƙura, in ta taɓa siminti sai ta zame. Ga shi namu ƙwallayen sun tsufa, don gwangwanin sababbi yanzu sai an yi karo-karo.

Abokin wasana na yau wani Alhaji ne da ya ba shekara sittin baya. Ba ya gudu, ba ya dukan ƙarfi. Abin da ya iya shi ne ya yanko ƙwallo da bakhan, wato bugun bayan hannu, ta tsallake raga da ƙyar, ta faɗi kusa da layin sabis (layin da ke tsakanin raga da layin baya) ta ɓangaren fohan ɗina, wato bugun tafin hannu, ta kwanta. In na rugo na maka mata, ko dai ta shige raga ko ta wuce layin baya. Shi kuwa sai ya gyara hula ya ce, "Yaro, a hankali, ba gaba kuke da ita ba."

Bayan saiti na farko koci ya kira ni gefe. Bai fara da maganar hannu ba, da awo ya fara. Ya ce tsawon fili gaba ɗaya mita 23.77 ne. In kana layin baya, duk wannan tsawon naka ne, ƙwallo na da wurin da za ta hau ta sauko. Amma layin sabis mita 6.40 ne kawai daga raga, wato in ka shigo nan ka yi asarar kusan mita biyar da rabi na filin da za ka jefa ta. Ragar kuma tana nan yadda take, santimita 91 a tsakiya, mita 1.07 a wurin sanduna. Ƙwallon da ke daidai ƙwaurinka dole ta hau wannan tsayin cikin ɗan gajeren wuri, sannan ta yi sauri ta sauko. "To Malam," in ji shi, "ina ƙarfi zai yi maka amfani a nan? Juyi take buƙata."

Daga nan ya dubi yadda nake riƙe raket. Riƙona irin na 'yan zamani ne, tafin hannu yana can ƙarƙashin mariƙi, fuskar raket tana kallon ƙasa. Wannan riƙo yana da daɗi in ƙwallo ta zo daidai ƙugu ko ƙirji, amma ga wadda ke bin ƙasa wahala ce. Bai ce in sauya shi gaba ɗaya ba. Ya ce ko dai in ɗan murza hannuna in buɗe fuskar kaɗan, ko kuwa in sauka ƙasa sosai har kan raket ya shiga ƙarƙashin ƙwallon. Kuma saukar da gwiwa ake yi, ba da sunkuyar da baya ba. Wanda ya sunkuya, kansa ya riga ƙafarsa gaba, kuma duk inda kai ya tafi jiki zai bi.

Nan muka daɗe. Ya tsaya da kwando a ɗaya gefen yana jefo mini su da hannu, ƙasa-ƙasa. Taku biyu ko uku na farko manya, da gudu, sannan ƙanana in na matso, don in daidaita tazara. Tun ina kan hanya kafaɗa ta juya, raket ya riga ya koma baya, kuma ba can nesa ba, ɗan kaɗan. Ƙafar hagu a gaba, gwiwar dama ta kusa taɓa ƙasa. Sai a shafo bayan ƙwallon daga ƙasa zuwa sama da sauri, kamar mai goge gilashin mota, raket ya ƙare a gefen ƙugun hagu maimakon bisa kafaɗa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hannun ba ya rage sauri. Saurin yana nan, sai dai sama yake tafiya, ba gaba ba. In ka ji tsoro ka sassauta, juyin ya tafi, ƙwallon ta yi ta shawagi har waje.

Koci ya tuna mini cewa shahararren ɗan wasan tenis Roger Federer ya daɗe yana yi wa manyan 'yan wasa wannan tarkon da gajerar yankakkiyar bakhan, yana jawo su gaba inda ba sa so. Na ce ashe Alhaji a babbar makaranta ya yi karatu. Ya kuma ce in ƙwallon ta yi ƙasa ƙwarai har ba dama, babu kunya a yanke ta da fohan a tura ta can ciki. Ni dai ina ganin matasa sun raina wannan bugun ba gaira ba dalili.

A saiti na biyu abin ya fara zama. Ba duka ba, amma da yawa sun shiga, musamman waɗanda na miƙe da su ta gefen layi, inda koci ya ce in riƙa kaiwa don kada in buɗe wa abokin wasa fili. Cinyoyina kuwa sun gaya mini, har yanzu da nake rubutun nan zama a kujera sai da dabara.

Sai wata sabuwar matsala ta ɓullo. Duk wanda ya shigo ya ɗauki gajerar ƙwallo, ba shi da lokacin komawa baya, dole ya ƙarasa raga. Alhaji ya gane haka nan take, ya shiga ɗaga mini ita ta bisa kai. Da na yi ƙorafi, koci ya ce wannan karatun Asabar mai zuwa ne, kuma in zo da kuɗin karo-karona na ƙwallo.