Karatun da bai raba ni da Garwa ba

Da na ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, kowa ya ɗauka zan haɗa kaya in nufi Dang, inda Jami'ar Ngaundere take, ko kuwa Marwa, wadda ta samu tata jami'ar tun 2008. A lokacin Garwa ba ta da jami'ar kanta, sai a 2022 aka kafa ta. Kuɗin rajista bai tsorata mu ba, sefa 50,000 ne a shekara a jami'o'in gwamnatin Kamaru. Abin da ya tsaya mana a wuya shi ne hayar ɗaki da abinci da kuɗin mota, ga rumfar Baba a babbar kasuwa, ga ƙafarsa da ta fara hana shi doguwar tsayuwa, ni ne kuma babban ɗa. Kawuna ne ya ce in gwada wata makaranta mai zaman kanta a nan cikin gari, ta shekara biyu, wadda ake fita da takardar BTS, wato shaidar ƙwarewa a sana'a bayan sakandare. Inna ba ta so ba. Cewa ta yi, "Yaya, ɗan nawa za ka mayar mai gyaran waya, 'ya'yan mutane na zama lauyoyi?" Kawu ya yi dariya ya ce lauyan ma sai da wuta yake barci a watan Afrilu.

Na shiga sashen lantarki, ajin yamma. Da safe ina rumfa, bayan la'asar in hau babur in tafi makaranta. A ajinmu akwai masu haya da babur, akwai wani tela da ya girme mu duka, akwai ma'aikacin kamfanin auduga na Sodecoton da yake neman takarda don a ƙara masa matsayi, akwai yara daga Gidar da Figil da Pitowa, har da biyu daga Cadi. Jarrabawar BTS ta ƙasa ce, ma'aikatar ilimi mai zurfi ke shirya ta, takarda ɗaya muke rubutawa da 'yan Duwala da Yawunde. Ke nan makarantar ba ta da ikon rage mana karatu. Ikonta yana wajen yadda za ta riƙe mu har mu kai ranar jarrabawar, kuma a nan na ga aikinta.

Kuɗin makaranta kashi-kashi ake biya, kuma akawun ya san kalandar garin nan fiye da ta ofis. Ya san ɗan manomin auduga ba shi da ko sisi sai an auna auduga an biya, ya san mai albasa sai rani ya yi nisa yake ganin kuɗi. Idan ka je ka faɗi gaskiya, a rubuta ranar da ka yi alkawari, a bar ka ka shiga aji. Wanda ya ɓace mako guda kuwa, sai ya ga kiran shugaban sashe a wayarsa, in bai ɗauka ba a aika ɗan ajinsu har gida. Ni kaina an biyo ni lokacin da Baba ya kwanta ciwo. Ba wani dogon wa'azi aka yi mini ba, littafin wani aka miƙo mini in kwafa, aka ce ranar Asabar in zo in rama aikin hannu da ya wuce ni. Masu barin makaranta a wajenmu, a yadda na gani, ba kasafai ƙwaƙwalwa ke kayar da su ba. Rashin lafiya a gida, ko bashin da ya taru, ko kunyar komowa bayan an yi fashi, su ne ke cinye mutum a hankali.

Sai batun harshe. Karatu da Faransanci ake yi, da shi za a yi jarrabawa. Amma malaminmu na injuna, in ya ga idanu sun yi zuru-zuru, sai ya ajiye alli ya sake bayanin da Fulatanci, mu Hausawa kuma mu ƙarasa wa juna a bakin mai shayi. Akwai malaman da suke ganin wannan zubar da ajin makaranta ne. Ban yarda da su ba. Wanda zai yi wa manomi a Lagdo bayanin abin da ya ƙona masa famfo, ai ba da Faransanci zai yi ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda karatun ya dubi matsalar garin. Shekarun da nake makaranta su ne shekarun da ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982 a kan kogin Binuwai, kuma ita ce uwar wutar arewa. Aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa, masu sayar da ƙanƙara da masu walda da masu injin niƙa suka ji jiki. Malamanmu ba su jira an sauya manhaja daga Yawunde ba, sai suka cusa aikin sola cikin darasin aikin hannu. A rufin makarantar muka gane cewa ƙarfin da aka rubuta a bayan farantin sola a zafin digiri 25 aka auna shi, alhali a Garwa Maris da Afrilu zafi na wuce 40 a inuwa, farantin kansa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma duk ƙarin zafi ragin wuta ne. Muka ga yadda ƙurar hunturu ke rufe shi har wutar ta ragu a idonka, ka goge ta dawo. Muka koyi cewa batirin dalma ba ya shiri da ɗaki mai zafi, wanda ake sa ran zai yi shekaru sai ya gaji da wuri. Saboda haka aka nuna mana cewa in famfon ruwa za ka kafa, ka manta da batir, ka ɗaga tanki sama, rana ta cika shi, da dare ruwa ya sauko da kansa. Wannan dabarar kaɗai ta ci da ni fiye da rabin abin da na haddace.

Kafin jarrabawa dole ɗalibi ya yi sitaj, wato koyon aiki a wani wurin aiki, ya rubuta rahoto, ya kare shi gaban malamai. Manyan wurare irin Sodecoton da masana'antar siminti ta Figil ba za su iya kwashe kowa ba, kuma kowa can yake so. Makarantar tana da wani littafi da ta tara sunayen tsofaffin ɗalibanta masu shago da ƙananan 'yan kwangila, da shi take raba mu. Ni wajen wani mai haɗa famfunan rijiyar burtsatse aka tura ni. A bayan motarsa na san ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, na kuma koyi abin da aji bai koyar ba: yadda ake zama da kwamitin ƙauye, wa zai riƙe makulli, wa zai tara kuɗin gyara. Famfo da yawa da muka tarar a mace ba injin ne ya lalace ba, an rasa wanda zai ce nasa ne.

Na ji cewa a Amurka irin wannan makaranta tsohon abu ce, kwalejin al'umma suke ce mata, kuma ana lissafa ta Joliet a jihar Ilinoi, wadda aka buɗe a 1901, a matsayin mafi daɗewa cikin na gwamnati. Shekara biyu su ma suke yi, mutum ya kama aiki ko ya wuce jami'a ya ƙarasa digiri. Bambancin da ya dame ni shi ne nasu yawanci gwamnati ke tallafa musu, shi ya sa suke da sauƙin kuɗi. Mu kuwa ɗalibi ne ke ɗauke da makarantar a ka, kuɗinmu ya ninka na jami'ar gwamnati sau da yawa. Yaron da ya fi kowa bukatar karatun kusa da gida shi ne wanda kuɗin ya fi yi wa nauyi. Kayan aiki ma ba su ishe mu ba, na'urar awo ɗaya sai mutum biyar su yi mata dafifi. 'Yan mata kuwa a sashenmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ban ga an yi wani yunƙuri na zuwa gidaje a shawo kan iyaye ba.

Takardar ba ta ba ni aikin ofis ba, ban kuma daɗe ina nema ba. A 2023 aka buɗe tashoshin sola a Marwa da Gidar, wuta ta ɗan daidaita a gari. A shekarar ce kuma Najeriya ta janye tallafin fetur, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga, da masu lambu suka saba zuba wa injin ban-ruwa ya yi tsada. Masu albasa da ganye a bakin Binuwai suka fara tambayar famfon rana, ni kuma ina da amsa da lissafi. Wani ɓangare na rumfar Baba yanzu waya ce da faranti.

Bana makarantar ta turo mini yara biyu sitaj. Hannunsu na da kyau, amma ko ɗaya bai iya rubuta wa mai aiki takardar kuɗin kaya da ladan aiki ba, kamar yadda ni ma na fito ban iya ba. Na faɗa wa shugaban sashe. Ya ce, "To, Malam, ka zo ranar Asabar ka koya musu, amma ka sani ba mu da abin biyanka sai kuɗin mai." Na ce a haɗa da 'yan sashen gini da na sanyi, tunda su ma ciwon ɗaya ne, kuma a bar ni in zo da mai lambu ɗaya ya yi ciniki da su da gaske.